Baƙon Cikin Huhu

Kwaɗo uku na sani kafin ranar Laraba:
wanda ke kulle min shago a Agege,
wanda mai ɗakina ke haɗawa da zogale da ƙuli,
sai na bakin kwata mai baya duk ƙuraje.
Na huɗun daga Shagamu ya zo,
cikin huhun goro, bai biya kuɗin mota ba.

Ina warware igiya, ina ɗaga ganye,
sai ganye ɗaya ya buɗe ido.
Bai kai tsawon ɗan yatsana ba.
Baya kore shar kamar ruwan asuba ya wanke,
zaren ruwan ɗorawa daga hanci zuwa ƙugu,
yatsu ja-ja, ka ce jiya aka kwance masa lalle.

Iya Mufu mai tattasai ta ce kar in taɓa,
duk abin da ya yi ado haka, da magana a ƙasa.
Na ce, Iya, ke ma kin sha anko ranar Asabar,
kuma ba wanda ya mutu.

Zulai jikata ta dawo daga makaranta,
ta ɗora shi a jikin tsohuwar kwalbar alewa.
Ta karkata kwalbar, ta kifa ta, yana nan.
Ta ce, Kaka, dubi kan yatsun, faifai-faifai ne,
da danshi yake riƙo, ba shi da farce.
Ta ce ba ya kai baki ga ruwa,
fatar cikinsa ce ke sha masa.
Na ce ashe ɗan'uwan goro ne,
in ya bushe ya tashi aiki.
Na yayyafa musu ruwa su biyun.

Da azahar ya tattare ƙafafu ƙarƙashin ciki,
ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanon rufi ya ɗauki rawa,
yaran danfo na ta Oshodi, Oshodi,
ko gezau.
Sai da aka kira magariba launi ya dawo masa.
Wani sauro ya yi gangancin giftawa.
Ban ga harshen ba, na dai ga idanun
sun nutse cikin kai suna tura loma ƙasa.
Shekara sittin da uku ina cin tuwo,
ban taɓa haɗiya da ido ba.

Aka ɗauke wuta, janareto suka karɓi unguwa.
Can tsakaninsu na ji
kit,
kit-kit,
kamar ana buga kwabo a bakin faranti.
Na haska tocila: maƙogwaro ya kumbura
ya kusa fin mai shi, haske na ratsa shi.
Zulai ta ce mace yake kira.
A can daji, in ta amsa,
za ta liƙa ƙwai a ganyen da ya sunkuyo kan ruwa,
ranar ƙyanƙyasa talibambam su sulalo, tsulum.
Na leƙa kwatarmu.
Leda, baƙin mai, ɓawon lemo.
Ya kira har aka yi assalatu.

Ni ma motar shanu ce ta sauke ni nan
daga Gumel, ban biya ko sisi ba.
Amma ni da na yi kira an amsa,
ga ta can tana tsinkar zogale.

Ranar Juma'a na naɗe shi a ɗanyen ganye,
na ba Lamidi direba da goro goma,
ya ajiye min shi inda ya ga rafi da inuwa.
Ya yi dariya har hularsa ta faɗi,
amma gaban mota ya sa shi, gefen rasit.

Yanzu kowane huhu a hankali nake buɗewa,
ganye ɗaya, ganye ɗaya.
Masu saye na cewa Malam Sambo ya tsufa,
hannunsa ya yi nauyi.